Durƙuson da Ya Hau Dandamali

"Kalle ni," ta ce, karo na uku ke nan a ranar. Ni kuwa idona na kan yatsun ƙafarta.

Daraktar wasanmu ce, ita ke tsara rawar kuma, baƙar fata 'yar garin nan. Yanzu sai a manyan dandamali ake ganin aikinta, lambobin yabo kam ta kwasa. Amma a shekarun dubu biyu da 'yan kai, a zauren wata coci a unguwar East Greensboro muke rihasal, mu sha huɗu, ba takalmi. Ba ta yarda da madubi ba. Wai idonta ne madubin. In ta gyara miki taku, ki dube ta ido cikin ido, ta san kin ɗauka.

To a gidanmu babba na magana kina kallon ƙwayar idonsa? Ai rashin kunya ne. Duk sanda ta yi min gyara sai in sunkuyar da kai, ni a dole ladabi. Ita kuma ta ɗauka raini ne. Ranar ta faɗa min a nitse, in Asabar ta zo ban canza ba za ta ba wata gurbina. Wata biyu na yi ina lallaɓa Baba kafin ya bar ni na shiga, shi ma sai da Mama ta sa baki, da sharaɗin doguwar riga da ɗankwali. Ga shi zan koma in ce an cire ni.

Ran Alhamis Baba ya biyo ɗaukata daga wurin aikinsa a titin Wendover. Yana fitowa daga mota na durƙusa na yi masa sannu da aiki kamar kullum, kai a ƙasa. Ashe daraktar tana tsaye bakin ƙofa tana kallonmu.

Washegari ba ta ta da zancen ido ba. Cewa ta yi in sake abin da na yi wa babana. Na yi. Ta ce in ƙara, a hankali, tana ƙirge da yatsa har takwas. Sai ta sa sauran su gwada. Zubewa suke kamar buhun masara, wata har da dafa ƙasa. Mako guda ina koya musu sauka, baya a miƙe, hannu a kan gwiwa. Asabar ta zo ta wuce, ba wanda ya taɓa gurbina. Durƙuson ma shi ta sa a ƙarshen wasan.

Sai dai ba ta sakar min duka ba. Ta ce, "Ki sauka irin na gidanku. In kin miƙe, ki ɗago ki dubi mutane irin nawa."

Ranar wasa Baba na layi na uku, daidai inda idona zai sauka. Na durƙusa, na cika takwas, na miƙe, na ɗago. Gaskiya hularsa na kalla. Ko dai daraktar ba ta gane ba, ko ta gane ta ƙyale ni. A mota, da muka kusa gida, Baba ya ce yaran sun yi ƙoƙari, amma ta gefen hagu tana saurin tashi.

Kwanan baya wata ƙawata ta turo min bidiyon sabon wasan daraktar. Durƙuson na nan, takwas cif, sannan kowa ya ɗago.

Ni har yau hula nake kallo, ko gefen kunne. Ku da kuka tashi a nan, in babba na muku magana, ina kuke aje idonku?