Ƙofar da Sadisu ya ƙi buɗe wa Alhaji

Shekara biyar ke nan da rasuwar ƙanena Sadisu, kuma na so a ce addu'a kawai zan rubuta, da tuna barkwancinsa. Ba haka ta zo mini ba. Raina a ɓace yake, domin a watannin nan an kwashi laifin masu rai an jibga wa mamaci, har maganar ta kai kunnen mahaifiyarmu a Tarauni. Tun daga ranar Inna ta rasa sukuni, tana ganin ɗanta na kwance a kabari da haƙƙin mutane a wuyansa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Gyadi-Gyadi, irin waɗanda suka yi ta tsirowa a kewayen asibitin koyarwa. Sadisu ne mai kula da kwamfutocin wurin. Duk gwajin da aka yi wa mutum, na jini, na juna biyu, na kafin aure, sakamakonsa na shiga wata babbar kwamfuta da suke kira saba. A kanta ya ɗora katangar tsaro, wadda a bakinsu sunanta fayawol. Manhaja ce ta kyauta, masana daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta ta, suka bar ta a fili don kowa ya karanta ya ga yadda take aiki. Duk saƙon da ya taso daga intanet zai shiga sabar sai ta tare shi, ta duba daga ina ya fito da ƙofar da yake nema, sannan ta bar shi ya wuce ko ta watsar da shi.

Yana da tsarin aikinsa da ba ya sauyawa. Yakan rufe komai tukuna, sannan ya buɗe wa wanda aka sani, ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa tsokanarsa na ce rowarsa ta kai har ga kwamfuta. Ya yi dariya ya ce, “Yaya, zaure ne fa. Ke kin taɓa ganin baƙo ya faɗa tsakar gida don kawai ya sa babbar riga?”

Mai babbar rigar kuwa ya zo. Alhaji mai asibitin, ɗan kasuwa ne, ba likita ba, ya ce yana so ya riƙa ganin komai na asibitin a wayarsa, ko yana gidansa na Hotoro ko yana kan hanya. A gabana aka yi. Sadisu ya rusuna ya gaishe shi kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, sannan ya ce, “Alhaji, a yi haƙuri. In na buɗe maka ta yadda kake so, duniya na buɗe wa.” Ya kawo masa wata hanya mai tsaro, wadda sai ya shigar da lambar sirri duk lokacin da zai duba. Alhaji ya ce shi da asibitinsa ba zai tsaya yana sallama ba. Sadisu bai ɗaga murya ba, bai kuma buɗe ba. A makon nan babu sunan da ba a kira shi da shi ba, mai taurin kai, mara kunya, wanda bai san alfarma ba.

Zazzaɓi ne na ɗan lokaci ya ɗauke shi. Aka kawo wani daga Daurawa ya maye gurbinsa, mutumin kirki, mai iyali, mai kunya ƙwarai. Da Alhaji zai tafi Umara sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Malam, a yi mini alfarma mana.” Wa zai kalli idon dattijo mai shirin zuwa ɗakin Allah ya ce masa a'a? Tunda kuma ba a san ta wane layi Alhaji zai shigo daga can ba, sai aka buɗe wa kowa daga ko'ina. Na ce musu wannan ƙofar ce marigayi ya ƙi buɗewa. Manajan asibitin ya dube ni ya ce, “Sista, ki tsaya a kan allurarki.” Alhaji ya je ya dawo, muka sha zamzam muka ci dabino, ƙofa na nan a hangame shekara da shekaru. A wurinmu ba a komawa a karɓe alfarmar da aka riga aka yi, rashin kunya ne.

A bana ɓarayin intanet suka shiga suka kwashe sakamakon gwajin mutane, wasu suka fara yawo a wayoyi da suna da unguwa. Cikinsu har da na wata baiwar Allah mai sayar da waina a Unguwar Gano, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Ba zan faɗi abin da gwajinta ya nuna ba, an faɗa ya isa. 'Yan adaidaita da leburorin da suke cika bencinta da safe suka watse. Tanda na wuta, ƙullu na tsami a roba, mutane na tsallaka titi don kada su gaisa da ita.

Da aka tara mu taro, Alhaji ya buɗe da addu'a, sannan ya ce, “Allah ya jiƙan Sadisu, yaro ne na gari, amma kayan kyauta ya saka mana.” Duk ɗakin aka ce amin. Ban taɓa jin amin ɗin da ya ƙona mini rai irin wannan ba. An yi wa ƙanena addu'a da rabin numfashi, an yanka shi da ragowar rabin, don an san ba zai miƙe ya yi magana ba. Na tashi na faɗi abin da na gani da idona, aka ce zafin rashi ne bai sake ni ba. Wanda ya buɗe ƙofar yana zaune, kansa a ƙasa. Kunyar da ta sa ya buɗe ita ta rufe masa baki.

Nakan tambayi kaina me Sadisu zai ce da ya ga yau. Ina jin ba zai damu da zagin manhajarsa ba, domin ita abin da aka umarce ta take yi, aka ce ta tare ta tare, aka ce ta bari ta bari. Abin da zai ba shi haushi shi ne sabon akwatin tsaro mai tsada da aka sayo aka kafa, har da walima. Ranar da aka haɗa shi, tambayar farko da Alhaji ya yi wa masu haɗawa ita ce yadda za a buɗe masa ya riƙa gani a wayarsa.

Idan na auna abin da ya rage na ƙanena, ba gida ya bari ba, ba mota ba. Ya bar shekarun da mata da maza suka shiga asibitin nan da abin da ba sa so ko uwarsu ta sani, suka fita asirinsu a rufe, ba su ma san akwai wanda ya sha zagi a kansu ba. Wannan ba ya goguwa don wani mai kuɗi ya ga dama.

Na yi wa Inna wannan bayani ya fi a ƙirga. Takan saurara, ta gyaɗa kai, sannan ta ce, “Ni ban san kwamfuta ba, amma na san haƙƙi.” Ranar Juma'ar da ta wuce ta yafa mayafinta ta ce in raka ta Unguwar Gano. Na ƙi, na yi faɗa, na yi kuka, ta ce to za ta tafi ita kaɗai, dole na bi ta. Muka tarar da mai wainar a zaune gaban bencin da ba kowa. Tsohuwar da ko sallah a zaune take yi saboda ciwon gwiwa ta dafa hannuna ta durƙusa a ƙasa, ta ce, “'Yata, ni ce uwar yaron da ya yi aikin kwamfutar asibitin nan. Don Allah ki yafe masa.”

Matar ta yi sauri ta ɗago ta tana kuka, ta ce tun da abin ya faru, Inna ce mutum ta farko da ta tako ta ba ta haƙuri.