Ranar da Na Kai Tsohon Bature Majalisa

Shekarun baya, tun bayana bai fara ciwo ba, na yi aikin jinyar wani tsohon Bature a nan Dubai. E, ni ɗin nan da kuka sani da baƙar magana. Wani abokina ɗan zangon Kumasi ne ya samo mini aikin a kamfanin da yake, masu tura ma'aikata su kula da tsofaffi a gidajensu. Bokona a aji uku na sakandare ya tsaya, amma ɗaga mutum da yi masa wanka ba sa neman satifiket. Ni na yi jinyar mahaifina shekara biyu har Allah Ya karɓi abinsa. Kamfanin ne ya yi mini biza, wato igiyar wuyana tana hannunsu.

Tsohon ya haura tamanin. 'Ya ɗaya gare shi tak. Ita ta ɗauko shi daga ƙasarsu don can babu mai duba shi, gidan tsofaffi ma sai an bi layi. Ta ajiye shi a wani fulat a Port Saeed, hawa na sha ɗaya, ita kuwa kullum tana cikin jirgi. Ga esi, ga talabijin, ga kyamara a falo, ga agogo a hannunsa mai nuna mata duk inda yake. Mutum ne kawai babu.

Kullum in taso daga International City in same shi a bakin taga, yana kallon jiragen ruwa na katako ana loda musu kaya. Baba nake ce masa. Da farko ya ce in riƙa kiran sunansa. Na ce Allah Ya kiyaye, sa'an ubana? Da ya gaji ya ƙyale ni.

Wata rana ina yanke masa farce sai ya ce, "A ƙasarku ina kuke ajiye tsofaffi?"

Na ce, "Ajiyewa, Baba? Kaya ne su? A dakalin ƙofar gida suke zama. Duk wanda ya wuce sai ya rusuna ya gaishe su. Su yi faɗa, su yi sulhu, su zagi gwamnati."

Can ya ce, "Wata bakwai ke nan, daga kai sai likita."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Lokacin sanyi ne. Washegari bayan la'asar na sa masa rigar sanyi, na ɗora shi a kekensa na marasa lafiya, na tari tasi, sai Al Khabaisi, ƙofar shagon kago, wato na aika kaya gida, na wani Alhaji mutumin Kano, inda 'yan kasuwarmu ke zaman majalisa a kan kwalaye. Ban cika fom ba, ban kira ofis ba. Wallahi ko a raina bai zo ba. Wa ke neman izini don zai kai dattijo cikin mutane?

Muna sauka wani ya ce, "Kai, ina ka samo Bature? Kagonsa za a yi? Kilo nawa?"

Alhaji ya ce, "Ku rufe mana baki ku ba baƙo wuri. Sannu da zuwa, Baba. Yalla, a kawo shayi."

Na ce ban da sukari, yana da ciwon suga. Wani ya cire hularsa ya kafa masa. Ashe tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne, har Legas ya sha zuwa yana saurayi. Da ya ga yadda ake ɗaure kwalaye sai ya hau faɗa, wai wannan ɗaurin ko akuya ba zai riƙe ba. Aka miƙa masa igiya. Ya ƙulla wani ƙulli, ƙarti biyu suka ja suka kasa kwancewa. Majalisa ta ɗauki shewa. Ya yi dariya har da hawaye, yana tsotsar kilishi don haƙora sun ƙare. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar.

Ni kuwa gwanin wayo na manta da agogo. Kafin magariba wayata ta kusa fashewa da kiran 'yarsa da na ofis.

Da safe aka kira ni ofis. Manajar ta tura mini takarda. Ta ce in na sa hannu za a yafe, a canza mini gida. In ban sa ba, a soke bizata, in tattara. Na karanta a hankali, da ɗan Turancina na aji uku. An rubuta wai na amince na kai tsoho wuri mai haɗari, cikin mutanen da ba a yarda da su ba.

Abokina ya ja ni gefe. "Chale, takarda ce kawai. Sa hannu. Kana da iyali a gida fa."

Gaskiya ya faɗa. Amma na koma na ce, "Madam, rashin sanarwa laifina ne. Rubuta haka, in sa hannu sau goma. Amma mutanen da suka tashi suka ba shi wurin zama, in rubuta da hannuna cewa miyagu ne? Ba zan yi ba."

Ta ce, "Ba ka san tsarin aiki ba."

Na ce, "Ku kuma ba ku san tsoho ba."

Ta ce khalas, wato shi ke nan. Na ce khalas ɗin.

Ko sallama ba a bar ni na hau na yi masa ba. Wadda aka sa a madadina ce ta sauko mini da dardumar sallata. Ta ce, "Kai ne mai hular? Ya ƙi cire ta, ko wanka sai an yi rigima."

Sati uku ina zaune a ɗaki, kowa na ce mini wawa. Daga baya Alhajin nan ya yi mini biza a shagonsa. Kwali nake ɗauka har yau, shi ya cinye mini baya. Ban sake ganin tsohon ba.

Yanzu kullum sai yaranmu sun turo mini talla a waya, wai ƙasashen Turawa na neman masu kula da tsofaffi, don haihuwa ta yi musu ƙaranci. Suna tambayata ko su je. Ina ce musu ku je, aiki ne na halal, kuma akwai lada. Amma ku sani ƙarfin hannunku aka kira. Tarbiyyar da aka yi muku a gida, a bakin ƙofa za a ce ku ajiye ta kamar takalmi. Ran da kuka tsufa kuma, ba wanda zai ɗauko muku mai jinya. Tikitin komawa gida za a ba ku.

Ni ma furfura ta cika mini gemu, na san saura ƙiris garin nan ya tofar da ni. Ban yi nadama ba, ko gobe aka ba ni tsohon nan majalisa zan kai shi. Gidan da nake ginawa a garinmu ko rufi ba a yi ba, amma na sa magini ya fara gama dakalin ƙofar gida. Ya ce, "Wa ke fara gini da dakali?" Na ce wanda ya ga hawa na sha ɗaya.