Wai Kabiru ne ya kawo mana sanƙarau

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Kabiru, kuma har yau a Madarumfa akwai masu rage murya in za su ambaci sunansa.

Ni ban yi nisa a karatun lakwal ba. Shi ya yi, har ya kai ƙasar waje yana aiki a ɗakin binciken ciwon daji. Da na tambaye shi aikinsa, cewa ya yi akwai ƙwayoyin cuta da suka iya kutsawa cikin ƙwayoyin jikin mutum. Su sai su cire musu abin da ke sa su hayayyafa su yi ɓarna, su ɗora musu saƙon halitta irin wanda ake gada daga iyaye, su tura su cikin ƙwayoyin da aka ajiye a faranti, don a gane yadda daji ke somawa. "Yaya, kamar yadda Baba ke karye ƙayar ƙurungu ne kafin ya miƙa wa yaro," in ji shi. Babanmu masunci ne, nan take na gane.

Kuskurensa kalma ɗaya ce. Wani zuwa da ya yi, a wurin shan shayi aka tambaye shi, sai ya yi dariya ya ce, "Kiwon ƙwayoyin cuta nake yi." Ɗanladi, mai tallar magunguna a kasuwa, yana zaune a wurin.

Da bazara sanƙarau ya shigo gari, yara suka mutu. Ɗanladi ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, ya ce Kabiru ne ya zo da cutar a jakarsa. Da Kabiru ya dawo gida da ciwon hanta, jikinsa ya ƙare, sai aka ce abin da yake kiwo ne ya cinye shi. Maƙwabta suka daina shigowa. Ranar da ya cika, liman da mijina ne suka yi masa wanka, masu ɗaukar makara ma da ƙyar suka cika. Innarmu ta shimfiɗa tabarmin zaman makoki, har rana ta faɗi yawancinsu ba wanda ya zauna a kai.

Ina jin labari a rediyo cewa irin aikin nasu yana ci gaba, ana ƙara raba ƙwayoyin nan da haɗarinsu. Da yana raye da ya kira ni a waya ya yi ta bayani har salulata ta mutu. Kuma na san da ya yafe wa Ɗanladi tuntuni, don shi bai iya riƙo ba. Ni na iya.

Watan jiya matar Ɗanladi ta yi sallama a gidana. Likita a Maraɗi ya ce daji ne a maƙogwaron mijinta. Ta durƙusa ta ce, "Yaya Hadiza, don Allah yana neman ki yafe masa."

Na ce, "Ya koma inda ya faɗa, a gaban mutanen da suka ji, ya ce ƙarya ya yi wa ƙanena."

"Yaya, ai murya ta tafi. Ko ruwa da hannu yake nema."

Na ba ta ruwa ta sha, na raka ta har zaure. Kabiru bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Aikinsa yana hannun wasu can nesa. Sunansa kaɗai ya rage a garin nan, kuma ni ce mai tsaronsa. Na ce wa matar Ɗanladi Allah ya ba mijinta lafiya, ya maido masa da murya. Zan jira.