Jiniyar Gidan Sukdeo

Harish Bundhoo ɗan maƙwabcina ne a garin Mahebourg. Ya so aikin ɗan sanda, aka auna tsayinsa aka ce ya koma gida. Sai ya samu kujera a wani kamfanin tsaron gidaje a garin Curepipe, nesa da mu. In ƙararrawar wani gida ta kaɗa, ya gani a allon kwamfuta, ya buga waya, in ba a ɗauka ba ya tura mota. A kan kujerar nan ya yi tumbi, ya yi sanƙo, bai yi aure ba.

Da albashinsa na farko ya sa wa ubansa, tsoho Sukdeo, ƙararrawa a gida. Ni na sha azabarta. Kyanwa ta gifta, jiniya. Tsoho ya manta lambar kashewa, jiniya. Kullum sai na fito bakin shinge da tsintsiya.

"Me za a sata a gidanka, Sukdeo? Haƙoran roba?"

"Saboda ke aka sa ta, Madam Odile. Na ga irin kallon da kike yi wa akuyata."

Shekarar da babbar guguwa ta zo, rediyo na ba da gargaɗi mataki na uku, kamfani ya ajiye motocinsa, don inshora ba ta biyan motar da ta fita a lokacin. Aka kulle ma'aikata a ofis da janareta, burodi da kifin gwangwani. Iska na jijjiga tagogi, gidaje suna ta kuka a allo gaba ɗaya. Dokar ranar ita ce, ƙarar ƙofa ko taga a ɗauka iska ce. Wanda ya danna maɓallin neman agaji kaɗai ake kulawa.

Da rana tsaka iska ta ɗauke ɗif. Kowa ya san tsakiyar guguwa ce, za ta dawo ta ɗaya gefen. A nan Harish ya ga an kashe ƙararrawar ubansa da lamba, an buɗe ƙofar baya, ba a rufe ba. Iska dai ba ta san lamba ba. Ya buga waya, shiru. Tawa kuma ta mutu tun safe.

"Ranka ya daɗe, babana yana waje."

"Ya danna maɓalli?" in ji shugabansu.

"A'a."

"To, ba mota. Ko ubana ne."

Harish bai yi gardama ba, dama bai iya ba. Ya koma kujerarsa ya kunna jiniyar gidan daga can. Batirinta bai mutu ba tukuna. Ya kashe, ya kunna, ya sake kashewa.

Ina jin jiniyar na fito da tsintsiyata, zagi cike da baki. Sai ga Sukdeo a bayan gida, reshen mangwaro ya danne masa ƙafa, akuyar da ya fito kwancewa tana tsaye a kansa tana cin ganyen.

"Tsohon banza, nan ka zaɓi kwanciya?"

"Kama min akuyar tukuna."

Na ƙwala wa 'ya'yan mai shago kira suka ɗaga reshen. Muna shigar da shi ɗaki iska ta dawo, ta tafi da rumfar akuyar har yau.

Ƙafar ta warke a karkace. Da hanya ta buɗe Harish ya zo min da kwalin alewa.

"Tanti Odile, na san za ki fito."

"Zagi na fito yi, ɗan nema."

"Ai da zagin na dogara."

Yana nan a kujerarsa, tumbin ya ƙaru. Jiniya ma tana nan. In ta yi kuka ina fitowa da tsintsiya, sai dai yanzu nakan leƙa bayan gidan kafin in fara.