Kitsen Rago a Bindiga Mai Lamba Sha Huɗu

A kamfanin gadinmu na Harrismith, bindiga ba ta bin mutum gida. In ka tashi aiki sai ka biya tagar Mme Matieho, wato Inna Matieho, ka juya bakin fistol ɗinka cikin gangar yashin da ke gindin tagar, ka zare gidan harsashi, ka ja saman bindigar baya ka fitar da harsashin da ya maƙale a maƙoshi, ka leƙa da ido, ka zura ƙaramin yatsa, sannan ka miƙa mata. Ita kuwa kafin ta duba komai, hanci take fara kai wa bindigar.

Shinshinawa ɗaya take yi, ta gaya maka inda ka wuni.

"Rantsho, ka ci kifi da soyayyen dankali ba ka wanke hannu ba."

"Mme, tun safe ne fa."

"Gishirin bai san safe ba. Ɗauki tsumma."

Rantsho abokin aikina ne, mota ɗaya muke sintiri. Ni sunana Tsietsi. Na bar makaranta a aji goma saboda ni da malamin lissafi mun kasa daidaitawa a kan wanda zai riƙa ba aji dariya. Na yi kwandasta, na yi aski, na sayar da gilashin ido a bakin tasha, duk ban cika wata shida ba. Nan ne kaɗai na shekara biyu, kuma in aka bi ta gaskiya matar nan ce ta zaunar da ni.

A QwaQwa aka haife ta. Mahaifinta mai gyaran keken ɗinki ne, yana bi ƙauye-ƙauye da jakar kayan aiki a bayan jaki, ita ce mai riƙe masa kwanon ƙananan kusoshi. Da ta girma ta shiga masana'antar ɗinka wanduna, ta shekara goma sha ɗaya tana gyara musu kekuna, har ranar da masu wurin suka garƙame ƙofa suka tafi. Ta zo kamfaninmu ne a matsayin mai dafa shayi da ɗinke maɓallan kaki. Wata rana tsohon da ke kula da ɗakin bindigogi, wanda idonsa ya fara gajiya, ya saki wani ɗan sifirin ya faɗa ƙarƙashin tebur. Ta ajiye tiren shayi ta tsinto shi, ta kalli guntayen da ke baje, ta harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya tambaye ta inda ta koya. Ta ce ai wannan keken ɗinki ne, mai mugun hali dai. Aka tura ta kwas, ta dawo da takarda, ta gaji tagar. Shekara ashirin da biyu ke nan, kuma ba ta taɓa harbin komai ba sai kwalin gwajin saiti.

Har yanzu tef ɗin awon tela na rataye a wuyanta. Ba don awo ba. Duk wanda ta ga yatsansa ya kwanta a kan kunama alhali ba harbi zai yi ba, tef ɗin nan zai sauka a bayan hannunsa tsal, ko da manaja ne. Ɗiga uku na mai ta yarda a sa wa bindiga, na huɗu kuwa sai ka ji, "Miya kake haɗawa?" Akwai sunaye uku da aka rubuta da farin fenti a jikin gangar yashi, na mutanen da suka rantse bindigarsu ba komai a ciki sai ga ta ta yi magana. Ba ta jin haushinsu. Ta ce don haka aka ajiye gangar, gara yashi ya sha da ƙafar mutum. Sai dai al'ada ce, wanda sunansa ya hau ganga shi ke sayen naman gashi na kowa.

Abin da take taƙama da shi ɗaya ne. Duk shekara cikin sanyi, sufeto kan zo daga Bloemfontein a kai mu filin harbi, kowa ya harba ashirin da bindigar da yake ɗauka. In wata ta ƙi tashi, ɗayan biyu yake rubutawa: laifin bindiga, ko laifin mutum. Shekara ashirin da biyu ba a taɓa rubuta laifin bindiga a ƙarƙashin sunanta ba. Bana ce ta ƙarshe, ƙarshen Yuli za ta ajiye aiki, kuma ta riga ta sayi firam ɗin da za ta sa takardar ta rataye kusa da hoton aurenta. Wanda aka rubuta wa laifin mutum kuma, sauke shi ake yi daga mota, a ba shi kulki ya je gadin ƙofar gonar kaji wata uku.

To, ga inda na shigo.

Kakata, wadda muke kira Nkgono, ta ji a rediyo an harbi wani mai gadi a wani gari. Ranar Lahadi da na je cin papa, tuwon masararmu, da ganye, ta ɗauko wata kwalba daga ƙarƙashin gado. Kitsen jelar rago ne aka kwaɓa da saiwoyi. Ta ce in shafa a ƙirji da goshi kowace safiya, ƙarfe zai kauce mini. Na shafa, don ba a musu da Nkgono. Kwana biyu Rantsho ya fara tuƙi da gilashi a sauke, ga sanyi kamar ya tsinke kunne. Karnukan unguwannin da muke sintiri suka daina yi mini haushi suka koma rakiya. Wadda ta ƙarasa ni ita ce Nthati, mai zuba mana mai a gidan mai, wadda na yi wata huɗu ina tara ƙarfin halin neman lambarta. Ta leƙo ta taga ta ce, "Ka koma fawa ne?"

Sai na zauna na yi tunani, irin wanda ya raba ni da aji goma. Na ce to wa ke fuskantar haɗari, ni ko bindiga? Ai ita ce a gaba. Na ɗora kwalbar a bakin hitar mota har kitsen ya narke, na cire harsasai tsaf kamar yadda aka koya mini, na ɗauki tsinken ashana na riƙa ɗiga shi ta ɗan ramin da allurar bindiga ke leƙowa ta daki gindin harsashi. Na goge waje fes. Kullum haka, kwana biyar. Rantsho ya kalle ni ya ce, "Ni dai ban gani ba, kuma ranar da Mme ta ji ban san ka ba."

Ba ta ji ba. A makon nan mura ta kama ta, irin mai toshe hanci har mutum ya ci albasa ya ɗauka tuffa ce. Ta kai bindigata, lamba sha huɗu, hanci bisa al'ada, ta ja, ta yi tsaki ta rataye. Na fita ina jin kaina gwani.

Ranar gwaji dutsen Platberg ya wayi gari fari fat da ƙanƙara. Ciyawar filin harbi tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Aka jera bindigogi a kan teburin ƙarfe, suka sha sanyi fiye da awa ɗaya kafin sufeto, Ntate Sekhonyana, wato Baba Sekhonyana, ya gama shayinsa. Mme Matieho na zaune a kan kujerar roba, ta lulluɓa da bargo har wuya, hankici a hannu. Mutum goma sha uku suka harba ashirin-ashirin, ko tuntuɓe babu. Kowa ya gama sai ya juyo ya ɗaga mata hula.

Na tsaya a layi, na ɗana, na saita, na taɓa kunama.

Ƙyas.

Ban taɓa jin ƙaramar ƙara mai girman wannan ba. Jikina duka ya so ya juya ya nemi Mme, da bindigar da komai, kamar yaron da aka ƙwace wa alewa. Bayan hannuna ne ya tuna da tef. Na cire yatsa daga kunama, na bar bakin yana kallon kwali, na ƙirga talatin a zuci don wani harsashin kan yi nawa kafin ya tashi, sannan na ɗaga hannun hagu.

Ntate Sekhonyana ya zo ya tsaya a kafaɗata. "Fitar da shi."

Na fitar. Ya ɗauki harsashin ya juya gindinsa. Ɗan tabon da ke wurin bai fi cizon sauro ba. Ya ce in gwada wani. Ƙyas. Na uku ma haka. Ya karɓi bindigar, ya tabbatar ba komai a ciki, ya ajiye ta a tebur. Sai ya zaro biro daga bayan kunne.

"Harsasan lafiya suke, yaron ma ya yi daidai," in ji shi. "Allurar ce ba ta kai duka. Mme, ki yi haƙuri."

Mme ta taso da bargonta a hankali, ta tsaya kan lamba sha huɗu tana kallonta kamar ɗiyar da ta ba ta kunya a gaban surukai.

"Rubuta, Ntate," ta ce, muryarta a toshe. "Daga tagata ta fito."

Na tuna gonar kaji. Na taɓa wucewa ta wurin, warin kan bi mutum har cikin mafarki, kuma hanyar can ba ta bi ta gidan man su Nthati. Na kalli Rantsho, ya ɗaga kai yana nazarin gajimare. In na yi shiru, sai a ba ni wata bindigar in harba ashirin ɗina in koma mota. Firam ɗin ne kawai zai zauna ba komai a ciki.

"Ntate, dakata da biron," na ce. "Bindigar nan ba ta da laifi. Ƙoshi ne ya yi mata yawa."

"Me ta ci?"

"Rago."

Na kwashe labarin kaf, tun daga kwalbar Nkgono har tsinken ashana. Kafin in kai kan Nthati, mutum biyu sun zauna a ƙasa. Mme ta shimfiɗa hankici mai tsabta, ta warware bindigar da yatsunta masu sanyi, ta zaro allurar. Ga ta nan ta fito sanye da farar riga, kitse ya daskare a kanta kamar kyandir. Ta ɗaga ta sama kowa ya gani. Kafaɗunta suka fara rawa a cikin bargo. Ta yi dariya har hawaye, ta yi tari, ta yi atishawa uku a jere, sai hancin ya buɗe. Ta kai allurar ta shinshina.

"Tsohon rago ne ma," ta ce. "Ɗan nan, ko ɗan shekara ba ka samo mata ba?"

"Mme, abin da gida ya samu ke nan."

"Miƙo hannu."

Na miƙa. Tef ya sauka tsal. Sai ta riƙe hannun ba ta saki ba na ɗan lokaci, tana kallon sufeto. "Ka ga bai juyo ba ko? Bindiga ta ƙi shi sau uku a gaban mutane, bakinta bai bar kwali ba. Wannan ma ka rubuta."

Ta wanke allurar da raminta tas, ta bar wurin a bushe don can ba a sa mai, ta ɗiga ukunta inda suka saba, ta harhaɗa ta miƙo mini. Ashirin suka fita ɗaya na bin ɗaya. Biyu sun tafi gaishe da dutse, amma wannan ni ne, ba lamba sha huɗu ba. Ntate Sekhonyana ya rubuta laifin mutum, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa, ya ce a shekara talatin da ya yi yana wannan aiki ya ga yashi, ya ga audugar aljihu, ya ga man girki, amma yau ya fara ganin an yi wa bindiga kiwo.

Ban huda ganga ba, duk da haka sunana ya hau, Rantsho ma ya zana ɗan rago a gefe. Naman walimar sallamar Mme ya faɗo kaina. Da Nkgono ta ji, sai ta ce ita ta jawo, ta aiko da rago sukutum a bayan akori-kura, ita ma ta biyo shi a gaba. Na zaci za a yi rigima tsakanin kwalba da man bindiga. Ina juya nama ina satar kallonsu, tsofaffi biyu a kan benci ɗaya, bargo na gogar bargo, suna nuna ni da ƙashi suna dariya. Can Mme ta kira ni, ta ce in kawo rigar sulken aikina. Ta fito da wata 'yar jakar fata da ba ta fi akwatin ashana ba, ta cusa kitsen a leda ta ɗaure, ta sa a ciki, ta ɗinke ta ta cikin rigar daidai saitin zuciya.

"Ga maganin kakarka, yana inda ta ce," in ji ta. "Ita kuma bindiga ka bar ta da nata."

Yanzu saura mini kwana goma sha tara a gonar kaji. Na san manyan zakaru da suna, wasu na sa musu na manajojinmu. Nthati ta ji labarin a bakin Rantsho, ita da kanta ta ba shi lambarta ya kawo mini, wai tana son ganin mutumin da ya zaɓi kaji da bakinsa. Mme kuwa ta fito da tsohon keken mahaifinta ta kafa a baranda, tana ɗinka wa 'yan makaranta kaya. Ranar Asabar na biya gaishe ta da kwandon ƙwai. Takardar na bango cikin firam, kusa da hoton aure. Ta karɓi ƙwan, ta kalli ƙuguna.

"Miƙo kulkin nan in shinshina," ta ce.