Sakan Arba'in Na Ba Mahaifiyata

Wata uku ke nan wayata ba ta yi ƙara bayan sallar Juma'a ba. Inna ce ke kira. Inna ta rasu.

Ni ba mai dogon ilimi ba ne. Albasa nake sayarwa a Fatakwal, shekara tara.

Wata rana, Juma'a ce, muna zaune a rumfa muna gardamar wane yare ya fi sauri. Okon, maƙwabcin rumfata, ya ce nasu. Wani Bayarabe ya ce nasu. Ni kuwa na tsaya a kan buroka, Turancin kasuwa. Na ce kalma biyu an gama gaisuwa, an shiga ciniki. Na ce mu Hausawa sai mun gaida gida da gona da awaki kafin mu kai ga magana.

Aka yi dariya. Ana cikin dariyar sai ga kiran Inna daga Ƙauran Namoda.

Na ce musu ku duba ku gani.

Ta fara yadda ta saba. Ina gajiya, ya kasuwa, ya ruwa a wajenku, ya mai gidan da kake haya.

Na tare ta. Na ce, "Inna, duk lafiya, kowa lafiya. Ke ma lafiya ko?"

Ta ce, "Lafiya lau, Ɗanjuma."

Na ce zan kira, na kashe. Na ɗaga wayar ina nuna musu. Sakan arba'in.

Akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ibo tana zaɓen albasa. Ban san tana jin Hausa ba. Ashe a Gusau ta yi zaman aure.

Ta ce, "Ɗana, sau nawa ka tambayi lafiyarta?"

Na ce, "Sau ɗaya. Ta ce lau."

Ta ce, "Tsofaffinku ba sa faɗin ciwo a tambayar farko. Sai an gama gaisuwa, an yi shiru. Mai da kiran."

Na ce to, Mama, anjima. Motar kaya ta iso, na manta.

Ranar Talata Inna ta cika.

Bayan an share makoki, ƙanwata Uwani ta ja ni ɗaki. Ta ce ƙafafun Inna sun yi sati biyu a kumbure, numfashi na yi mata wuya. Inna ta hana kowa ya faɗa mini, ta ce da bakinta za ta ce in zo gida. Ranar Juma'ar nan har sai da aka tallabe ta ta zauna kafin ta kira.

Na ce, me ta ce da na kashe?

Uwani ta ce, "Cewa ta yi, yana sauri, ban kai ga maganar ba."

Har yau ban san wane yare ya fi sauri ba. Daga Juma'a zuwa Talata kwana huɗu nake da su, kuma kwana biyu sun ishe ni isa gida.

Darasi: Idan tsohonka yana gaishe ka, bar shi ya gama. Idan ya gama, kada ka kashe. Yi shiru kaɗan, ka sake tambaya.

Ka tura wa wanda ka san iyayensa na nesa.

Ku taya ni da addu'a. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ni kuma ya yafe mini. Ku ce amin.