Ranar da Na Kai Tsohuwa Cikin Kwalabe

Na yi jinya a gidaje da yawa a Doha, amma abin da ya faru a wani gida a Umm Salal ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Kamfaninmu ne ya tura ni gidan wani Bature in kula da mahaifiyarsa, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Mama nake ce mata. Ɗakinta yana ƙasa, inda rana ba ta bugawa, kuma kullum da yamma nakan tura kekenta zuwa lambu ta sha iska. Magana ba ta fita sosai, amma in ta ga furanni fuskarta takan sake.

Da korona ta kulle kowa a gida, sai zaman banza ya haifa wa maigidan sabuwar sha'awa: zai gina ma'ajiyar giyar inabi. Yana da takardar izinin saye, kwalabe sun cika masa kicin. Ni Kirista ce daga Kafanchan, shan giyarsa bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne da ya zagaye gidan nan kaf, bai ga inda ya dace ba sai ɗakin uwarsa. Wai giya ba ta son rana, ba ta son zafi. To ita tsohuwar fa, so take?

Aka toshe tagar, aka jera kantoci na katako, aka kafa na'urar sanyaya ta musamman. Mama kuwa aka haura da ita sama, ɗakin da ke ƙarƙashin rufi. Daga ranar lambu ya ƙare, don ba zan iya sauko da ita ni kaɗai ba.

Muna nan har shekarar gasar kofin duniya. Ana tsakiyar zafin nan da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, wata rana wuta ta yi wasa, esin ɗakin Mama da na'urar ma'ajiya suka tsaya tare. Masu gyara sun yi wuya a lokacin, kowa na shirya gida saboda baƙin gasar da ke tafe. Da ƙyar aka samo wani bawan Allah, mutumin Zariya. Ya duba, ya ce ɗaya kawai zai iya tayarwa yau, ɗayan sai ya samo kaya gobe.

Maigidan ko numfashi bai ja ba ya ce a fara da ma'ajiya, abokansa za su zo kallon ƙwallo, giyar kuma in ta ji zafi ta lalace. Na ce masa jikin Mama ya yi zafi, numfashinta na sama-sama. Ya ce in kunna mata fanka. Ya ɗau makullin mota ya fita.

Mai gyaran ya dube ni ya ce da Hausa, "Sista, da gaske uwarsa ce ta haife shi?"

Na ce, "Ita ce, Malam."

Ya girgiza kai, ya gama aikin da aka sa shi. Da sanyi ya fara busowa sai na ce, "Malam, don Allah kama mini mu sauko da Mama." Bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Yalla, mu je." Muka ɗauko ta a kekenta, mataki bayan mataki, gumi na zuba, muka shigar da ita tsakiyar kwalaben nan. Na lulluɓe ta da bargo, na bar ƙofa a buɗe don kada sanyin ya yi mata yawa. Can numfashinta ya daidaita. Ta ɗaga ido ta kalli inda tagar take a da, hawaye ya gangaro mata.

A haka ɗanta ya dawo ya same mu. Na ɗauka kunya za ta kama shi. Ya kalli uwarsa, ya kalli kwalabe, sai ya ce mini, "Wa ya bar ƙofar nan a buɗe? Sanyin yana fita!"

Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce masa ba za ta motsa daga nan ba sai an gyara ɗakinta, in ya so ya kira kafil ɗina, wato kamfanin da ya turo ni. Ya kira kuwa. Mama ta kwana a sanyi, amma kafin mako ya zagayo an canza mini gida. Ban sake jin labarinta ba, kuma wannan ne ke ci mini rai.

Abin da na koya shi ne, in kana son sanin mutum, kada ka saurari abin da yake cewa yana ƙauna. Ka jira ranar da abu biyu za su lalace masa tare, ka ga wanda zai fara gyarawa.